Babi na Shida: Ƙaramar Buta, Ganye da Yawa

Wanda ya saba da babban kofin mai shayi, madara har baki, suga cokali uku, idan aka kai shi gidan wani dattijo a Chaozhou, can gabashin lardin Guangdong na ƙasar Sin, zai iya ɗauka rowa ake masa. Butar da za a fito da ita ba ta kai dunƙulen hannu ba. Finjalai uku ne kacal, kowanne kurɓi biyu ya ƙare. Babu suga, babu madara, babu citta. Sai mai gida ya cusa ganye a butar nan har ya wuce rabi, ya zuba tafasasshen ruwa, kafin baƙo ya gyara zama an tsiyaye. A sake zubawa, a sake tsiyayewa. Haka za a yi ta yi sau 6, sau 8, da ganyen nan guda, kuma kowane zubi da irin ɗanɗanonsa. Wannan hanya ita Sinawa ke kira gongfu, kuma da ita ake shan ganyen ulong a kudu maso gabashin Sin da tsibirin Taiwan.

Ko a cikin Sinawa ba kowa ne ya karɓe ta da farko ba. Yuan Mei, marubuci kuma masanin abinci na ƙarni na 18, ya daɗe yana ƙyamar shayin duwatsun Wuyi, yana ganin ya cika kauri da ɗaci. A shekarar 1786 ya ziyarci duwatsun, masu ibadar wurin suka ba shi a 'yan mitsi-mitsin finjalai. Ya fara shinshinawa, ya kurɓa a hankali, ya sha na biyu da na uku, sai ra'ayinsa ya juya gaba ɗaya. Ya rubuta labarin a littafinsa na girke-girke da ya fito a 1792. Ganyen dai shi ne wanda ya sani tun da; yadda aka haɗa shi da yadda ya sha ne suka sake.

Kafin a gane dalilin ƙaramar buta sai an san wahalar da ganyen ya sha kafin ya iso hannu. Koren shayi da baƙin shayi da ulong duk daga itace ɗaya suke fitowa, irin wanda ake nomawa a tsaunin Mambila na jihar Taraba. Bambancin yana wajen sarrafawa. Koren shayi ana tsinka a sa masa wuta nan take, don kada ya rine. Baƙin shayi kuwa ana murza shi a bar shi ya sha iska har ya rine gaba ɗaya. Ulong a tsakani yake, kuma tsayawa a tsakanin nan shi ne aikin. Ba a tsinkar masa tohon farko. Ana bari ganye ya ɗan ƙosa, a tsinko reshe mai ganye 3 ko 4. A shanya a rana ya yi yaushi, a shigar da shi ɗaki, a zuba a manyan faifan gora a riƙa girgizawa har gefen ganyen ya ƙuje. A ajiye ya huta, a sake girgizawa. Sau da yawa ana kwana ana wannan aiki. Ta gefen da ya ƙuje iska ke shiga ta haɗu da ruwan ganyen, gefen ya yi ja, tsakiya ta zauna kore, ƙamshin ɗanyen ciyawa ya kau, na fure da na 'ya'yan itace ya taso. Babu agogon da ke gaya wa mai aikin lokaci ya yi. Hancinsa da tafin hannunsa ne ma'auni. Da ya ji ƙamshin ya kai inda yake so, sai ya jefa ganyen a zazzafan kasko ya tsayar da rinewar, sannan a murza, a busar.

Daga nan hanya ta rabu. A gundumar Anxi ta lardin Fujian, inda ake yin Tieguanyin, ana ƙulle ganyen a ƙyalle a matse a mulmula, a kwance a sake ƙullewa, har kowane ganye ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo. Haka ma yawancin na Taiwan, irin su Dong Ding da na tsaunin Alishan. A Wuyi kuwa, a arewacin Fujian, da dutsen Fenghuang kusa da Chaozhou, ana barinsa dogo a murɗe. Na Wuyi ana gasa shi a kwandunan gora bisa garwashin da aka lulluɓe da toka, awanni masu yawa a jere, a huta makonni a sake. Ganyen da aka yi wa wannan hidima yana ɗauke da abubuwa hawa-hawa: ƙamshin gashi a sama, na fure a ƙarƙashinsa, zaƙin ganyen kansa a can ciki. Idan ka jefa ɗan kaɗan a babban kofi ka bar shi minti 5, duk za su fito lokaci guda su cakuɗe, bauri ya hau kansu ya danne. Idan kuwa ganyen ya yi yawa, ruwa kaɗan, lokaci gajere, kowane zubi hawa ɗaya yake ɗaukowa. Abubuwan ƙamshi da masu garɗi suna saurin narkewa a ruwa, masu bauri kuwa sun fi bukatar lokaci. Mai haɗa gongfu yana tsere ne da baurin, yana tsiyaye ruwan kafin ya iso.

Ita kanta al'adar jiƙa sakakken ganye ba tun fil azal take ba. A zamanin daular Song ana daddanne shayi ne curi-curi, a niƙa, a kaɗa garin a kwano. A 1391 sarki Hongwu, wanda ya kafa daular Ming, ya hana kawo wa fada shayin curi, ya ce a kawo ganye yadda yake. Da ganye ya zama abin yayi sai aka bukaci buta, kuma a wannan daular ce maginan tukwane na Yixing, a lardin Jiangsu, suka yi suna da butocinsu na jan yumɓu da ba a shafe da ƙyalli ba.

A nan nake so mai karatu ya yi hattara da aljihunsa. Butar Yixing abu ce mai kyau, tana riƙe zafi, kuma da yake cikinta ba a shafe yake ba, tana tsotsar ɗanɗanon shayi a hankali, shi ya sa masu ita ke keɓe kowace buta ga nau'in ganye ɗaya, kuma ba sa kusantar da sabulu gare ta. Amma jabunta sun cika kasuwa, ta gaske kuma tana da tsada. Mai farawa ba ya bukatarta. Abin da ya fi masa shi ne gaiwan: ɗan kwanon tangaram mai murfi da ɗan faranti a ƙasa, mai cin ruwa mililita 100 zuwa 120. Tangaram ba ya riƙe wari, ba ya ƙara komai, ba ya rage komai, kuma idan ka ɗaga murfi kana ganin ganyen da idonka. Da gaiwan ɗaya za ka iya gwada kowane irin ulong. In babu shi, kowace ƙaramar butar tangaram ko ta gilashi da ke tsiyaya da sauri ta wadatar. Sai finjalai ƙanana, farare daga ciki don launin shayin ya bayyana, da tire mai ɗan zurfi ko kwano da zai tari ruwan da za a zubar, da tsumma mai tsabta. Sauran tarkacen da ake tallatawa, su 'yan gumakan yumɓu da cokulan katako kala-kala, ado ne. Mutanen Chaozhou na da abubuwa huɗu suka ɗauka da muhimmanci: murhu, tukunyar tafasa ruwa, buta da finjali.

Ruwa ya fi kayan aiki muhimmanci nesa ba kusa ba, domin kusan duk abin da ke cikin finjalin ruwa ne. Lu Yu, wanda ya rubuta littafi na farko a kan shayi wajen shekarar 760, ya fifita ruwan maɓuɓɓugar dutse, sannan na kogi, ya sa na rijiya a ƙarshe. Ruwa mai nauyi, mai yawan gishirin ƙasa, yana dusashe ƙamshi yana duhunta launi. Idan ruwan burtsatsen gidanku yana barin farin dafi a gindin tukunya, ko na famfo yana warin magani, nemi ruwan gora mai sauƙi ko ka tace. A tafasa sabon ruwa, kada a yi ta maimaita tafasa wanda ya kwana. Sinawa suna duban kumfar da ke tasowa daga gindin tukunya su san zafin ruwa, ƙanana suna ce musu idon ƙaguwa, manya idon kifi. Ulong mai gashi, kamar na Wuyi, yana son ruwan da ya tafasa sosai, digiri 95 zuwa 100. Mai kore-kore, kamar Tieguanyin na zamani ko na manyan tsaunukan Taiwan, ana iya sauke masa ruwa a jira kamar minti ɗaya ya sauko wajen digiri 90. A Chaozhou masu tsananta al'ada har yau da gawayin ƙwallon zaitun ɗin Sin suke hura ɗan murhunsu, saboda ba ya hayaƙi. Butar lantarki ma ta yi. Abin kiyayewa shi ne kada hayaƙi ko warin kananzir ya taɓa ruwan.

To, ga yadda ake yi. Fara da ɗauraye gaiwan da finjalai da tafasasshen ruwa, ka zubar. Ba don tsabta kawai ba: kwano mai sanyi yana sace zafin ruwan farko. Zuba ganye giram 6 zuwa 8, wanda shi ne kimanin abin da ke cikin 'yan ƙananan ƙunshin da ake sayar da Tieguanyin da na Wuyi a ciki. In babu sikeli, dunƙulallen ganye ya rufe gindin kwanon ya ɗan taru, kamar kashi ɗaya cikin biyar. Dogon ganye kuwa ya kai rabi ko ya ɗan wuce. Zai yi maka kamar dunƙulallen ya yi kaɗan, amma jira ka ga yadda zai kumbura ya cika kwanon har ya taɓa murfi. Rufe, ka ɗan girgiza, ka ɗaga murfin kaɗan ka kai hanci. Busasshen ganye a cikin zazzafan kwano yana sakin ƙamshin da ba za ka sake samun irinsa ba a duk zaman, kuma a nan ake gane ganyen da ya sha danshi ko wanda gashinsa ya zarce ya koma ƙauri.

Dattawan Chaozhou suna da wata dabara a wannan gaɓa da ta cancanci a tsaya a kalla. Sukan juye ganyen a kan farar takarda su rarrabe da yatsa: manya gefe guda, gutsattsari gefe guda. Manyan su ake fara sawa, ta wajen bakin buta, sai gutsattsarin a tsakiya, sai a rufe da sauran manyan. Ta haka ƙananan ba sa toshe bakin, kuma ruwa ba ya dukansu kai tsaye balle su saki ɗaci. Da an shirya ganyen haka ba a ƙara girgiza butar.

Zuba ruwa ta gefen kwanon kana zagayawa, kada ka nufi tsakiyar ganye. Farar kumfa za ta taso. Share ta da gefen murfi, ka rufe, ka tsiyaye nan take a kan finjalai ka zubar. Wannan zubin na tada ganye ne, yana wanke ƙura yana sassauta dunƙulen. In buta ce, ana kwarara mata ruwan zafi a baya bayan an rufe, don zafin ciki da na waje su daidaita. Sai zubi na farko na sha. Dogon ganye daƙiƙa 5 zuwa 10 ya ishe shi. Dunƙulalle yana bukatar 20 zuwa 30 a karon farko tunda bai buɗe ba, na biyu da na uku kuma su fi gajarta, saboda a lokacin ya saki jiki. Daga na huɗu sai a riƙa ƙara daƙiƙa 5 ko 10 kowane zubi.

Riƙon gaiwan shi ke ba sabon hannu tsoro. Kada ka cika shi har baki, domin leɓen nan da ya buɗe waje shi ne wurin riƙo, kuma muddin ruwa bai taɓa shi ba, ba ya ƙuna. Karkata murfin kaɗan ya bar siririyar kafa, babban yatsa da na tsakiya su kama leɓen ta gefe da gefe, manuni ya danne kan murfin, sannan ka juya wuyan hannu gaba ɗaya ba tare da shakka ba. Mai jinkiri shi tururi ke ƙonawa.

Wajen rabawa ne ake gane tarbiyyar mai haɗawa. Ruwan da ya fara fita daga buta ya fi tsinkewa, na ƙarshe ya fi kauri, saboda haka idan aka cika finjali ɗaya kafin a koma na biyu, an ba wani ruwa an ba wani ɗaci. A Chaozhou sai a haɗa finjalan uku su taɓa juna, a sauko da bakin buta ƙasa-ƙasa don kada ƙamshi ya tashi ko kumfa ta taru, a riƙa zagayawa a kansu da sauri har ruwan ya ƙare. Wannan zagaye suna kiransa sintirin Guan Yu, wani jarumin tarihinsu. Idan ya rage ɗigo-ɗigo, sai a bi finjalan ɗaya bayan ɗaya ana ɗiga musu, a ƙara wa wanda launinsa ya fi haske. Wannan kuma ƙidayar sojojin Han Xin, shi ma wani jarumin tarihinsu. A Taiwan, a ƙarshen ƙarni na 20, aka yaɗa wata hanya mai sauƙi, a juye duka a ɗan jug ɗaya tukuna sannan a raba. Ko wacce ka bi, ƙa'ida ɗaya ce ba a sassauta ta: kada a bar ko ɗigo a cikin buta. Ruwan da ya rage yana ci gaba da jiƙa ganyen, kuma shi zai ɓata zubi na gaba. A ganina rabin masu cewa ulong ya yi musu ɗaci nan suka yi sakaci. Bayan an tsiyaye, a ɗan buɗe murfi ganyen ya sha iska kada ya dahu a tururinsa.

Finjalai uku ne ko da mutane sun fi haka, don haka ana sha ne bi da bi, a ɗauraye finjali da tafasasshen ruwa kafin kowane zagaye. Baƙo da dattijo su ke fara ɗauka, mai gida yakan bar kansa a ƙarshe. A Guangdong wanda aka zuba wa yakan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu a madadin godiya, don kada a katse hira. Ana danganta wannan da labarin sarki Qianlong da ya fita a ɓoye ya zuba wa bawansa shayi, amma labari ne na baka.

Kada a haɗiye da gaggawa. A fara shinshina cikin murfin, a kurɓa da ɗan iska yadda shayin zai bazu a baki, a haɗiye, sannan a jira. Ulong mai kyau yana da ɗan bauri da ke wucewa da sauri, sai wani zaƙi ya biyo baya daga maƙogwaro, irin wanda mai cin goro ke ji idan ya kora da ruwa. Sinawa suna daraja wannan zaƙin baya fiye da ƙamshi, kuma ina tare da su: ƙamshi ana iya ƙara shi da dabara, zaƙin baya kuwa sai ganye mai asali. A ƙarshe a shinshina finjalin da ya koma wayam. Na Wuyi da na Fenghuang sukan bar ƙamshin zuma ko na fure a gindinsa na tsawon mintoci.

Wanda ya taɓa zaman shayin Buzaye a Agadas ko Damagaram ko wata majalisa a Kano ba zai ji wannan zama baƙo ba: ƙaramar buta, ƙananan kofuna, zagaye bayan zagaye, da hira mai tsawo. Ganyen ma daga Sin ake kawo shi. Amma nasu koren shayi ne, ana dafa shi a kan garwashi, suga ke tare ɗacinsa, kuma ana ɗaga hannu sama wajen zubawa don kumfa. Duk waɗannan daidai ne a wurinsu, amma kada ko ɗaya ya biyo ka zuwa ulong. Ba a ɗora butarsa a wuta, ba a sa masa suga, ba a neman kumfa. A watan Nuwamba na 2022, a taron da aka yi a Rabat ta Maroko, hukumar UNESCO ta sanya dabarun sarrafa shayi na gargajiya na Sin da al'adun shansa cikin jerin gadon al'adun bil'adama, kuma gongfu na Chaozhou yana ciki.

Wajen saye a kula da manyan sunaye. Da Hong Pao shi ne mafi shahara a shayin Wuyi, kuma asalinsa wasu tsofaffin itatuwa 6 ne a jikin wani dutse, waɗanda aka daina tsinka tun 2006. Duk wanda ke kasuwa yau daga dashen rassa yake, ko kuma haɗin nau'o'i daban-daban, kuma wannan ba aibi ba ne, da yawansu suna da kyau ƙwarai. Aibin yana ga mai cewa nasa daga itatuwan asali ne. Sayi kaɗan, giram 25 ko 50, ka gwada kafin ka ƙara. Ajiye shi a gwangwani mai rufuwa sosai, nesa da rana da kayan yaji da turare, domin ganyen shayi yana kwasar warin duk abin da ke kusa da shi. Mai gashi yana jure ajiya, har yakan fi daɗi bayan 'yan watanni idan zafin wutar ya kwanta. Mai kore-kore ba ya jure zafin ƙasarmu. A ɗaure shi tam a sa a firji, kuma a bar ƙunshin ya huce sanyi kafin a buɗe don kada raɓa ta sauka a kansa.

Giram 7 na ganye ba wasa ba ne ga jiki. Shansa da yunwa yana kawo jiri da bugun zuciya, shi ya sa ake ajiye ɗan abin taɓawa a gefe, kuma mai azumi ya fara cin abinci kafin ya zauna kansa. Mai ƙarancin jini ya raba shi da lokacin cin abinci, saboda shayi yana rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarfe daga hatsi da ganyaye. Wanda barci ke yi wa wuya ya sha da hantsi.

Idan ɗanɗano ya tsinke ko da an bar ruwa minti ɗaya ko biyu, ganyen ya gama. Kafin ka zubar, juye shi a faranti ka buɗe 'yan kaɗan da yatsa. Ganye cikakke, mai laushi, mai kauri, wanda gefensa ya ɗan yi ja, shaida ce an yi aikin girgiza yadda ya kamata. Wanda ya fito a yayyage, ko ya ƙi buɗewa ya zauna baƙi ƙirin yana karyewa, an ƙona shi a wajen gashi, kuma ba hannunka ne ya jawo ɗacin ba. Idan kuwa ganyen lafiyayye ne amma shayin ya yi bauri, a zama na gaba rage lokaci tukuna. In bai gyaru ba rage zafin ruwa. Yawan ganye shi ne na ƙarshe da za a taɓa. Abu ɗaya ake canzawa a kowane zama, in ba haka ba ba za ka san wanne ne ya yi aiki ba.